ME KE KASHE KWAMFUTOCIN IKKO IN SUN ISA JALINGO?

Da wuya a shiga unguwar 'yan Arewa a nan Kudu, ko Agege ce, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Sabon Badun, ko na Shagamu, a rasa magidancin da ya taɓa sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ya aika wa ɗansa ko ƙanensa mai karatu a gida. Mutum yana fama da awon albasa a kasuwar Mile 12, ko fataucin shanu a Oko-Oba, ya yi ta zubin adashi wata da watanni. Ran da ya kwasa sai ya nufi Computer Village a Ikeja, a kunna masa na'ura a gabansa, ya ga tana aiki sumul, ya biya, ya ba direba amana a kai Jalingo.

Bayan mako biyu ko uku sai waya ta fara shigowa. Yaro ya gai da Baffansa ko Hammansa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya faɗi abin da ke ransa, watau kwamfutar nan tana mutuwa ita kaɗai ana tsakiyar aiki. Daga nan sai zargi ya tashi. Na Ikko ya ce ko dai yaro ya yi sakaci, ko kuwa ɗan kasuwa ya cuce shi. Shi kuma yaron ga malami yana jiran kundin kammala karatu, ga ranar miƙawa tana matsowa, ga kunyar sake roƙon kuɗi.

Sau da yawa kuwa yaro bai yi sakaci ba, ɗan kasuwa ma bai yi ƙarya ba da ya ce tana aiki. Na'urar ce ta bar shago mai fanka ko iyakwandishan, inda aka gwada ta na minti goma, ta faɗa garin da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suka haɗu suka tona duk wani rauni da ke ɓoye a cikinta. Yawancin waɗannan cututtuka ana iya gane su bi da bi, kuma maganin da dama daga cikinsu bai kai kuɗin motar mai da kwamfutar Ikko ba.

DALILIN DA YA SA ABIN YA ZAMA DOLE

Tun da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Jalingo babban birninta, garin ya cika da ofisoshi da makarantu. An buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008, sa'an nan daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kan kwamfuta. Rajistar makaranta, da duba sakamako, da rubuta furojet, da neman aiki, duk sun koma kan na'ura. Saboda haka ɗalibin da ke zaune a wajen ATC ko Mayo Gwoi ko Sabon Gari, kwamfuta a wurinsa kamar garma ce a wurin manomi. In ta tsaya, aiki ya tsaya.

Mafi yawan waɗanda ake aikawa tokumbo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka yi shekaru suna aiki da su kafin su sayar. Na'urori ne masu ƙwari, amma fa tsofaffi ne, kuma tsoho ko da ƙarfinsa ba ya son a wahalar da shi.

A FARA DA KWASHE AIKI

Kafin a taɓa komai, wajibi ne ɗalibi ya kwashe duk aikinsa daga cikin na'urar. Ya zuba furojet ɗinsa a filash, ya kuma aika wa kansa ta imel, ko ya ɗora a Google Drive, domin filash ma yakan ɓata ko ya lalace. Kwamfuta in ta mutu ana iya sayen wata, amma babi huɗu da aka yi wata shida ana rubutawa babu kasuwar da ake sayar da su. Wanda ke Ikko, in an buga masa waya, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi kafin ya shiga faɗa.

Abu na biyu shi ne a lura da yadda take mutuwa, domin mutuwar kwamfuta iri uku ce, kuma kowacce da inda take nuni. Akwai wadda take ɗaukewa ɗif kamar an hura fitila, ba gargaɗi ba sallama. Wannan galibi zafi ne ko wuta. Akwai wadda allonta yake komawa shuɗi da rubutun Turanci, sa'an nan ta sake tashi da kanta. Wannan galibi manhaja ce, ko RAM, ko faifan ajiya. Akwai kuma wadda take sandarewa cak, hoto yana nan amma ba abin da ke motsi, sai an danne maɓallin kunnawa. Wannan an fi zargin faifan ajiya ko ƙarancin RAM.

Ya kamata yaro ya sami takarda ya riƙa rubuta ƙarfe nawa ta mutu, bayan minti nawa da kunnawa, wane aiki ake yi, tana kan caja ko kan batir, wutar gari ce ko janareta. Kwana uku na wannan rubutu ya fi wa mai gyara amfani a kan dogon bayani na baki. Ita kanta Windows tana ajiye tarihi. In aka rubuta perfmon /rel a wurin bincike, za ta nuna jadawalin kwanaki, da jan tambari a kan duk ranar da aka sami matsala, da sunan manhajar da ta jawo ta in akwai.

ZAFI DA ƘURA

Wannan shi ne babban mai laifi a Jalingo. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sukan rubuta a takardunsu cewa kada zafin ɗakin da ake aiki ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. Duk wanda ya san Jalingo a watan Maris da Afrilu ya san zafin rana yakan kusanci digiri 40, balle a ɗakin ɗalibi mai rufin kwano ba silin. Ke nan tun kafin a kunna ta an riga an ƙetare iyakar da masu ita suka gindaya.

A cikin kwamfutar akwai wani ɗan guntu da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma shi ne ya fi kowa ɗaukar zafi. An jingina masa bututun jan ƙarfe wanda ke jan zafin zuwa wasu siraran haƙora kamar na lagireton mota, fanka kuma tana hura iska ta cikinsu zuwa waje. In zafin furosesa ya kusanci digiri 100, da farko sai ya rage gudu, na'ura ta yi nauyi. In hakan bai isa ba sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Watau ɗaukewar nan da ake jin haushi dabarar tsira ce da aka gina masa.

To, ga inda hunturu ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu fanka tana zuƙar ƙura tana tarawa a bakin haƙoran nan, har ta yi kauri kamar audugar katifa ta toshe hanya. Da sanyin hunturu ba a gane komai. Sai bazara ta kama, a ga kwamfutar da ta yi lafiya a Janairu ta fara faɗuwa a Maris. Daɗin daɗawa, tsakanin furosesa da bututun akwai wani mai da ake shafawa, mai kama da man goge baki, wanda ke isar da zafi. A na'urar da ta shekara shida ko bakwai man nan ya riga ya bushe ya zama kamar alli.

Alamun zafi ba su da wuyar ganewa. Fanka tana ƙara kamar jirgi zai tashi, ko kuwa ta yi shiru gaba ɗaya. Ƙasan na'urar ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Tana mutuwa da azahar amma tana daɗewa bayan asuba. Tana mutuwa in ana kallon bidiyo, kuma in aka sake kunna ta nan take sai ta fi saurin mutuwa. Wanda ke son tabbaci ya sa ƙaramar manhaja irin Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne. In ya ga digiri 90 ko fiye alhali rubutu kawai yake yi, to, an kama ɓarawo.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. A daina ɗora ta a kan katifa ko filo ko dadduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A sa ta a tebur, a ɗaga bayanta da littafi ko marafan kwalba, a mai da aiki mai nauyi zuwa safiya ko dare. Magani na biyu a kai wa mai gyara ya buɗe, ya cire batir tukuna, ya share fanka da haƙoran da burushi, ya goge tsohon mai ya shafa sabo. In da iska za a hura, a riƙe fiffiken fankar kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima ta lalace. Mafi kyawun lokacin wannan aiki shi ne ƙarshen hunturu, kowace shekara, kamar yadda ake wa mota juyen mai.

BATIR DA CAJA DA WUTAR GARI

Jalingo tana can kusa da ƙarshen dogon layin wuta da ya taso ta Jos, ya bi Gombe da Yola. In aka sami matsala a ko'ina a hanya, ita ma ta shiga ciki. A watan Afrilu na 2024 ɓata-gari suka lalata turakun babban layin nan tsakanin Jos da Gombe, sai Gombe da Yola da Jalingo suka yi makonni a cikin duhu. A irin wannan hali ɗalibai sun dogara ne da ƙananan janareta da shagunan caji da sola.

Kwamfuta mai lafiyayyen batir ba ta damu da wannan ba, domin in wuta ta ɗauke batir ya karɓa ba tare da an ji ba. Amma batirin lithiyam yakan fara rauni bayan caji 300 zuwa 500, tokumbo kuwa da yawa sun wuce nan tun a Turai. In batir ya mutu, ko ƙiftawa wuta ta yi, ko janareta ya yi tari, ko aka taɓa igiyar caja, sai na'ura ta ɗauke. Gwajin mai sauƙi ne. A cika ta da caji, a zare, a duba agogo. In ta mutu cikin minti kaɗan, ko ta faɗo daga kashi 60 zuwa sifiri a lokaci guda, batir ya gama yayi. Haka kuma umurnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoto mai lambobi biyu, ƙarfin batir ran da aka ƙera shi da ƙarfinsa na yau. In na yau bai kai rabin na asali ba, a nemi wani.

Akwai abin da ya fi wannan hatsari. In aka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, kuma zafi yana ƙara jawo haka. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a ci gaba da caji, domin yana iya kamawa da wuta. A cire shi ba da ɓata lokaci ba.

Sai caja. A jikin kowace caja an rubuta bolt da wat ɗinta. Yawancin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo bolt 20, ƙarfinsu kuwa wat 45 ko 65 ko 90. In aka haɗa na'urar da ke bukatar wat 90 da cajar wat 45, ko da jabu mara nauyi a hannu, za ta yi aiki ana rubutu, amma da zarar aiki ya yi nauyi, ga batir ba lafiya, sai ta faɗi. Caja ta gaske tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika damunta ba. Abin tsoro shi ne ƙarfin da wuta kan zo da shi lokacin da aka dawo da ita. Dabara ita ce in an ɗauke wuta a zare caja daga bango, in an kawo a dakata 'yan mintoci kafin a mayar.

Mai karatu ya lura da wani abu guda. Duk ɗaukewar da na'ura ta yi tana tsakiyar rubuta wani abu a faifai, tana iya barin fayil a gurgunce. Ta haka ciwon da ya fara daga batir yakan rikiɗe ya zama ciwon Windows bayan 'yan makonni.

ABIN DA HANYA TAKE YI

Daga Ikko zuwa Jalingo ya fi kilomita 1,000, ta Makurɗi da Wukari da Mutum Biyu, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san ramukanta. A 2024 ma ambaliya ta karya gadar Namnai da ke tsakanin Wukari da Jalingo, abin da ya ƙara wa matafiya da kaya wahala. Kwamfutar da aka cusa a but tare da buhuna ta sha girgiza ba kaɗan ba.

Tsohon samfurin faifan ajiya yana da faranti a ciki mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura mai shawagi a kansa. Duka ko faɗuwa yana iya yi masa rauni, musamman in an rufe murfin ne kawai ba a kashe na'urar sosai ba. Alamunsa su ne ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, da daɗewa wajen tashi, da sandarewa in an buɗe fayil. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa da launi. In ta nuna rawaya ko ja, a kwashe aiki a ranar. Maganinsa shi ne a sauya shi da SSD, wanda ba shi da wani abu mai motsi a ciki, ba ya tsoron girgiza, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba.

Shi ma RAM, watau ɗan siririn allon da na'ura ke riƙe aikin da take yi a kansa, girgiza takan sassauta shi a mazauninsa, ƙura kuma takan shiga bakinsa. A na'urorin da RAM ɗinsu yake cirewa, sau da yawa zare shi a goge a mayar ya wadatar. Don gwaji a rubuta mdsched, na'ura za ta sake tashi ta binciki kanta. Har ila yau HP da Dell suna da nasu likitan a ciki. A HP a danna Esc sa'an nan F2 lokacin kunnawa, a Dell a danna F12 a zaɓi gwaji, sai su duba RAM da faifai da batir, ba ruwansu da Windows.

SHUƊIN ALLO

In allo ya koma shuɗi, kada a firgita, a ɗauki hotonsa da waya, domin a ƙasa akwai sunan ciwon. Daga 2025 sababbin Windows 11 sun mai da allon baƙi, amma sunan yana nan. MEMORY_MANAGEMENT ya fi nuni ga RAM. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE sun fi nuni ga faifai. DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL kuwa direba ne, watau 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da wani sashe na na'urar, kamar sauti ko hoto ko intanet.

Kada a raina direba. Ran 19 ga Yuli, 2024, kuskure guda a sabuntawar da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. In haka ta sami manyan kamfanoni, ina ga tokumbon ɗalibi.

Hanyar rarrabewa ita ce a danne Shift a zaɓi Restart, a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama tilas kaɗai. In ta zauna lafiya a can, ciwon na manhaja ne, sai a cire abin da aka sa na baya-bayan nan, a ɗauko direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. In a can ma tana mutuwa, ciwon na ƙarfe ne. Umurnin sfc /scannow yana gyara fayilolin Windows da ɗaukewar wuta ta gurgunta.

Akwai kuma batun Windows ɗin kanta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ta bai ɗaya ran 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama. Wasu masu shago sukan tursasa ta a kan tsofaffin na'urori don kaya ya yi kwarjini, alhali kamfanin bai yi alkawarin za ta zauna lafiya a kansu ba. Ga kuma manhajojin sata da ƙwayoyin cuta da filash ke kwasowa daga shagunan buga takardu. Windows Security da ke zuwa da na'urar ta isa tsaro in ana sabunta ta. Haɗa masu gadi biyu ko uku a na'ura ɗaya kuwa faɗa suke yi da juna.

A GABAN MAI GYARA

Akwai masu gyara a Jalingo, a wajen Hammaruwa Way da kewayen jami'a, ba sai an mai da na'ura Ikko ba. Amma ɗalibi ya je da takardar lurarsa da hotunan allo. Kada ya yarda a fara da fomatin, watau share komai a sake zuba Windows, domin fomatin ba ya fitar da ƙura, ba ya tayar da mataccen batir, aikin mutum kawai yake cinyewa. Ya tsaya a buɗe a gabansa, ya san girman RAM da faifansa kafin ya miƙa, ya karɓi tsohon abin da aka cire. A bi daga mai araha zuwa mai tsada: shara da mai, caja, batir, RAM, faifai. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sa'an nan a zargi babban fanel, kuma a nan ne kawai ya dace a auna ko gyaran ya fi sayen wata.

GA MAI SAYE A IKKO

Tun ran gini tun ran zane. Wanda zai saya a Ikeja ko Alaba ya tafi da wanda ya san kan abin, ya zauna a shagon aƙalla rabin sa'a yana kunna bidiyo ba tare da caja ba, yana taɓa ƙasanta, yana sauraron fanka. Ya nemi mai SSD da RAM gigabait 8, mai furosesa na zubi na 8 ko sama, da caja ta asali. Ya sa a fitar masa da rahoton batir a gabansa, ya karɓi rasit mai lambar na'ura da kwanakin garanti, kuma ya yi amfani da ita 'yan kwanaki a Ikko kafin garantin ya ƙare a kan hanya. Ya biya a share ta a sa sabon mai tun a can. In za a aika, a kashe ta gaba ɗaya, a naɗe da tufafi, a roƙi direba ya ajiye ta a gaba. A haɗa da filash guda ɗaya, a kuma gaya wa yaro abin da aka saye shi dominsa.

In waya ta sake shigowa daga Jalingo, kafin a ce yaro ya yi sakaci, a tambaye shi ko ya kwashe aikinsa, da ƙarfe nawa take mutuwa, kuma a kan me yake ɗora ta. Allah ya sa albarka a cikin gumin masu nema, ya ba yara sa'ar karatu.